Ranar Da Na Kira Taubashina Da Sunansa

Ba zan ɓata lokaci kan yadda muka bar gida ba. Tsutsa ta cinye mana tumatir rani biyu a jere, wani dillali ya zo Kura yana cewa Larabawan Libiya na neman mutanen da suka iya ban ruwa, muka yarda, muka tafi. Iyakar abin ke nan. Abin da nake so in rubuta shi ne abin da ya sami mutumin da muka tafi tare, kuma zan bi shi zango-zango yadda ya auku, domin ba na son labarin da ake tsallake-tsallake a cikinsa.

Mutumin sunansa Salisu. Ɗan Goggo Asabe ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina ne. Gonakinmu suna kan kanal ɗaya tsakanin Kura da Bunkure, tasa a sama, tawa a ƙasa. Ni ba mai wasa ba ne. 'Ya'yana sun sani, masu yi mini dashe ma sun sani. Mutum ɗaya nake wasa da shi a duniya, shi ma haihuwa ce ta ɗora mini. Tun muna yara nake ce masa Bawa, saboda ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace. Shi kuma yana ce mini Hedimasta, wai ina jera fangalin shuka kamar 'yan makaranta a layi, alhali firamare kaɗai na gama. Ba ma kiran juna da suna, kuma ba mu taɓa yin maganar hankali ba sai an naɗe ta cikin tsokana. In ya tare ruwa a sama, sai in aika a ce wa Bawa ranar da ya mutu ni zan gaji gonar, saboda haka ya sakar mini ruwana tun yanzu. Shi kuma ya aiko a ce wa Hedimasta ya riga ya auna mini kabari da igiya, ya ga ba zan ci wuri ba. Jama'a su yi dariya, ruwa ya zo.

Zango na farko Agadas. A nan dillalin Kura ya miƙa mu ga wani, wancan ya miƙa mu ga wani, kamar buhunan taki, kuma kowane sabon hannu yana da sabuwar magana. Daga nan aka loda mu a bayan mota, kowa da sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. A hamadar nan bakin Salisu ne ya riƙe mu. In ƙishi ya sa mutane sun yi shiru, sai ya ɗaga murya:

“Jama'a, ku riƙe mini Hedimasta. In ya faɗi ba zan ce a tsaya ba, amma jarkarsa tawa ce.”

Ni kuma in ce, “Bawa ba ya gadon ubangidansa, sai dai a gaje shi.”

Har waɗanda ba sa jin Hausa suna dariya.

Zango na biyu Sabha, daga nan gona. Ɗakin da aka ce za mu samu mai fanka, kwantena ce ta ƙarfe. Wannan ban damu da shi ba. Abin da ya cuce mu shi ne Balaraben da ya ɗauke mu gonaki biyu gare shi, sai ya raba mu. Ni ya bar ni a ta kusa da gari, muna da yawa, muna aikin tumatir da albasa. Salisu ya kai shi ta can cikin rairayi, shi kaɗai. A can babu fangali, babu kanal, babu abin da za a ce an iya. Wani dogon ƙarfe ne mai tayoyi yake zagaya gonar alkama yana fesa ruwa da kansa. Aikin Salisu ya kunna shi, ya kashe shi, ya yi gadin ɗakin da ake ajiye taki da maganin feshi.

Wanda bai san ban ruwa a wajenmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. A gida ranar ruwa ranar hayaniya ce. Wannan na kiran wancan daga tsallaken kanal, mata masu dashe na waƙa, mai fura na wucewa, ana faɗa kan wanda ya toshe wa wani hanya, a shirya kafin azahar. Mutumin da ya tashi a haka, kuma ya fi kowa surutu, shi aka ajiye gaban ƙarfe.

Duk Juma'a wani direba ɗan Chadi mai suna Idrisa yake kai masa abinci. Na roƙi a bar ni in riƙa bin sa, aka bari. Idrisa yana jin Hausa, amma irin ta kasuwa, wadda ya tsinta a hanya.

Muna cikin haka aka bugo mini waya daga gida cewa Goggo Asabe ta rasu. Wayar Salisu ba ta samun layi sai ya hau tudu, saboda haka ni na kai masa labarin. Na yi masa gaisuwa yadda ake yi, ya amsa yadda ake amsawa. Na san abin da ke ransa, domin Goggo ba ta so tafiyar nan ba, ta faɗa masa a gabana cewa in ya tafi ba lalle ya same ta ba. Can sai ya ce:

“To Hedimasta, mai ƙwato ni daga hannunka ta tafi. Yanzu ka ji daɗi.”

Na ce, “Da ma jira nake.”

Ya yi 'yar dariya. Na ɗauka alamar ƙarfi ce.

Daga nan ya fara ramewa. Abincin da aka kai wancan mako sai mu tarar da rabinsa. Ya daina aski. Na tambaye shi ko yana barci, ya ce bawa da barci ina suka haɗu. Tsokanarsa ba ta tsaya ba, sai dai ta sauya hanya. Da can kabarina yake aunawa, yanzu nasa. Da can cikin tsokana goma ɗaya ce ta mutuwa, yanzu duka. Amma kunnen da ya saba da abu tun yarinta ba ya rarrabewa. Yana jefo mini, ina mayar masa.

Wata Juma'a muka iso muka tarar ya yi aski, ya wanke kayansa duka ya shanya, ya share gaban kwantena. Fuskarsa a sake, har na ce a raina Alhamdulillahi. Ya shiga ya fito da takalminsa na fita da wayarsa, ya ajiye a gabana.

“Ga gadonka, Hedimasta. Kullum kana cewa za ka gaje ni, to fara da waɗannan.”

Na ce, “Takalmin bawa ya yi mini kaɗan. Kawo gonar.”

“Gonar ma taka ce. Sai dai ka kula da yaran, ban da duka, na san halinka.” Sannan ya juya ga direba. “Idrisa, mako mai zuwa kada ka wahalar da kanka da kawo abinci.”

Na yi dariya, na kwashi kayan da niyyar in mayar masa wata Juma'ar, muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba Idrisa ya tsayar da mota.

“Haruna, me ya sa mutumin nan ya ba ka takalmi?”

Na ce, “Wasa ne. Taubashina ne.”

“Mene ne taubashi?”

Na yi masa bayani dalla-dalla: ɗan wa da ɗan ƙanwa, kowa na iya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, ba a fushi, ba a ɗauka da gaske. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, “Ni ban san wannan ba. Ni na ji mutum ya ce kar a kawo abinci. Na ji ya ce ka kula da yara. A garinmu wani ya yi haka, ya raba kaya, ya yi dariya da kowa. Ba wanda ya koma wurinsa.”

Bai jira amsata ba, ya juya motar.

Mun same shi zaune a bakin ƙofar ɗakin magani, makulli a hannunsa, ƙofar a rufe. Da ya gan mu sai ya ɗago.

“Hedimasta ya manta sandarsa ne?”

Na buɗe baki, kalmar da ta zo ita ce Bawa. Na haɗiye ta. A nan na gane ba ni da wani harshe da zan yi wa mutumin nan magana da shi. Duk abin da na faɗa, in dai da muryar da ya sani ce, wasa zai zama. Na tsuguna a gabansa.

Na ce, “Salisu.”

Ya dube ni kamar na mare shi.

“Salisu, ba wasa nake ba. Kana nufin ka kashe kanka?”

Ban taɓa zaton kalmomin nan za su fita daga bakina ba. Ya daɗe yana kallon rairayi, ƙarfen nan na ta zagayawa a bayanmu. Sannan ya ce, “Na gaji, Haruna. Wallahi na gaji. Na sha faɗa maka.”

Na ce, “Ka faɗa. Yanzu na ji.”

Abin da na yi, na yi shi bi da bi. Da farko na roƙe shi makullin, ban fizga ba, ya ba ni, na miƙa wa Idrisa. Na biyu na ce ya kwashe kayansa daga igiya, ba zai sake kwana a wurin nan ba. Na uku na zaunar da shi a tsakiyarmu cikin mota. Ya yi kuka a hanya, ba wanda ya hana shi.

Balaraben ya yi faɗa, ya ce ba a barin gona ba mai gadi, wanda ba zai yi aiki ba ya san hanya. Na ce mun san ta. Idrisa ne ya kai mu Sabha, ya sauke mu a gidan da 'yan Kano ke sauka. Da zai tafi ya riƙe hannun Salisu ya ce, “Ka ci abinci, ɗan'uwa.” Ban sake ganinsa ba. Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake.

Zango na uku shi ne gidan nan, kuma ya fi hamada wahala. Ɗaki cike da mutane, kowa da tasa damuwar, ba wanda ke da wurin ajiye ta wani. Ba a jima ba magana ta zagaya cewa Salisu na Kura ya taɓu. Wasu suka janye tabarmarsu. Wani mai rawani ya zo ya ce aikin aljanun hamada ne, a ɗaure shi a turara masa barkono, zai yi mana sauƙin kuɗi tun da 'yan gida ne. Ni kusa da gidan malamai na tashi, na san addu'a, na kuma san damfara. Na ce masa addu'a muna yi safe da yamma, igiya kuwa ba za ta taɓa shi ba.

Amma gadin mutum ba ƙaramin aiki ba ne. In zai zagaya ina tsaye a waje. In ya yi shiru ina tsoro, in ya yi magana ina auna ta. Idona ya yi ja saboda rashin barci. Akwai wata dattijuwa 'yar Haɗeja da ke sayar da tuwo a ƙofar gidan. Wata rana da azahar ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, kai ma saura kaɗan a yi jinyarka. Kawo mini shi ya tsince mini wake, je ka kwanta.” Na dubi Salisu, ya ce in je. Da na farka na tarar da shi da tire a cinya, tana ba shi labarin rafinsu, yana saurare. Haka ta riƙa yi mana har muka sami motar komawa.

A komowa na sa shi a tsakiyar mota, ni na zauna a baki. Ba wanda ya sa kowa dariya a wannan karon.

Zango na huɗu Agadas kuma. Akwai wani sansani da ake karɓar waɗanda suka komo daga arewa, a ba su abinci da wurin kwana kafin a mayar da su ƙasashensu. A nan aka haɗa mu da wata ma'aikaciya 'yar Damagaram, Malama Zainabu, wadda aikinta shi ne zama da mutanen da hanya ta taɓa wa zuciya. Ta fara ganin Salisu shi kaɗai, ta daɗe. Ina waje ina ta kai-kawo. Sannan, da izininsa, ta kira ni.

Na ce mata akwai abin da ke damuna: na tambaye shi abin nan ƙiri-ƙiri, ina tsoron kada in zama na ƙara cusa masa shi.

Ta ce, “A'a, Malam. Tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu. Hanya take buɗe masa ya yi magana. Daidai ka yi.”

Ta ce abin da ke damunsa ciwo ne, ciwon damuwa, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Kaɗaici da rashin barci da rasuwar uwa sun taru a kansa, kuma ana samun sauƙi in an bi magani da zama da masana. Ta kai shi wurin likita, aka ba shi ƙwayoyi, aka ce su zauna a hannuna in riƙa ba shi na ranar. Ta ce da mun isa gida mu nemi asibitin da ke duba irin wannan a Kano, kada mu ce ya ji sauƙi mu bari. Sannan ta tambaye mu sana'armu. Da ta ji manoman rani ne sai ta gyara zama.

“To maganin feshi yana ina a gidajenku?”

Na ce, “A zaure. Wani a ƙarƙashin gado. Kowane gida haka ne.”

Ta ce, “Mummunan tunanin nan zuwa yake ya wuce. In ya zo bai sami komai a kusa ba, kuma ya sami mutum a kusa, sai ya wuce. Ku nisanta abin, ku kusanto da mutane. Kuma kai kaɗai ba za ka iya ba, Malam. Ka kalli fuskarka kuwa?”

Salisu ya ce, “Da ma haka take.”

Malama ta yi dariya. Ni ban mayar masa ba. Ban san yadda zan mayar ba.

Zango na ƙarshe gida. Mun iso ana shirin dashen tumatir. Mutane suka zo sannu da zuwa, suna kallon hannuwanmu, suka ga ba komai, suka yi mana barka da rai. Na kai shi kabarin Goggo. Na kai shi asibiti a Kano, aka ci gaba da ba shi magani, aka sa mana ranar dawowa. Matarsa Hajara kuwa, na gaya mata gaskiya, da yardarsa. Ta tashi ta tattaro duk kwalaben maganin feshi da ke gidan ta zuba a buhu ta ba ni.

Saura yayansa, Yaya Garba, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Shi abin da ya sani shi ne zazzaɓin hanya ne ya kama ƙaninsa. Wata safiya na je na tarar da shi a zaure ya ajiye wa Salisu jarkar feshi da kwalabe biyu.

Ya ce, “Yawwa, Haruna, gara da ka zo. Zaman ya isa haka. Namiji ba ya warkewa a ɗaki. Ya je ya fesa gonar gabas, in ya gama ya zauna gadin injin ban ruwa, can ba mai damunsa.”

Na ce, “Yaya, ba zai yi feshi ba, kuma ba zai zauna shi kaɗai ba.”

“Saboda me?”

Na juya wajen Salisu, domin maganar ba tawa ba ce. Yaya Garba ya ɗaga murya.

“Na ji ana cewa kana kai shi asibitin mahaukata. Kana so ka ɓata mana suna? Yana da 'ya'ya mata, wa zai zo nema in wannan ta fita? Ku da kuka saba shirmenku tun kuna yara, wannan ma wani sabon wasan ne?”

Salisu ne ya amsa. Yana zaune a kan tabarma, bai ɗaga murya ba.

“Yaya, ba wasa ba ne. A can na yi niyyar kashe kaina. Haruna da wani bawan Allah suka dawo suka same ni. Yanzu da sauƙi, amma wata ranar abin yana dawowa. Kada ka ba ni wannan.” Ya tura kwalaben da bayan hannunsa zuwa gaban yayansa. “'Ya'yan nan da kake magana, gara a ce ubansu na zuwa asibiti.”

Yaya Garba ya yi salati. Ya dubi ƙaninsa, ya dube ni, ya cire hularsa ya mayar. Sannan ya sunkuya ya kwashi kwalaben da kansa, ya sa a aljihun babbar rigarsa.

Ya ce, “To me ake so in yi?”

Na gaya masa, domin na riga na tsara. Feshin gonakin biyu ni zan yi, maganin feshin kuma a gidana zai zauna. Salisu zai tsaya kan masu dashe da masu tsinka, inda akwai jama'a. Da safe yana tare da ni, da yamma yana majalisar Yaya, a gida akwai Hajara. In ranar ta zo masa da nauyi, zai faɗa wa wanda ke kusa, wanda ke kusa kuma zai ajiye abin da yake yi, in abin ya fi ƙarfinmu mu nufi asibiti ba jira. Yaya ya ce ranar asibiti shi zai riƙa raka shi wani lokacin, in huta.

A kan haka muke har yanzu. Ba zan ce ya warke ba, domin ban saba faɗar abin da ban tabbatar ba. Akwai makon da zai yi lafiya lau, akwai ranar da Hajara za ta aiko in bar ruwa yana gudu in tafi. Na gaji, shi ma ya gaji, amma gajiyar yanzu ta mutum huɗu ce. Jiya ya ci abinci, ya yi ciniki da mai sayen tumatir har ya ɗaga murya. Na yau ban sani ba tukuna. Yanzu zan sa takalmi in je in gani.